Na je hasumiyar fitila da gidan tarihin Swakopmund, ga abun da na gani

Tunda na dawo kusan duk wanda ya ga hoton hasumiyar nan mai ja da fari a wayata sai ya ce wai Turai na je ban faɗa ba, to ba Turai bane, Afirka ce, garin Swakopmund ne a ƙasar Namibiya, bakin tekun Atilantika. Yayana ne yake koyarwa a Windhoek, babban birnin ƙasar, ya daɗe yana min mitar in zo in zo, da Allah ya nufa na je a watan Agusta sai ya ce ai ba zan koma Katsina ban ga teku ba, muka ɗauki 'yarsa mai shekara tara muka kama hanya. Kwana biyu mukai a garin, kuma wurare biyu nake so in yi magana a kansu saboda su na ba lokacina sosai, hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya da kuma gidan tarihin da yake nan gindinta. In kana sauri ne amsar ita ce eh, wurin ya cancanci zuwa, gidan tarihin ma ya fi kuɗin da ake biya nesa ba kusa ba, amma akwai wuri na uku da ba a sai da tikitinsa wanda nake ganin duk wanda ya ga biyun farko bai je can ba to rabin garin ya gani.

Daga Windhoek kusan kilomita 360 ne, awa huɗu a mota, kwalta lafiya lau sai dai a hannun hagu suke tuƙi. Za ka wuce Okahandja da Karibib da Usakos, daga nan itatuwa su fara janyewa ɗaya bayan ɗaya har ya zama ba ka ganin komai sai tsakuwa da rairayi, rana kuma tana dukan gilashi kamar a watan Maris ɗinmu. Muna cikin haka na hango wani abu toka-toka ya tokare gabanmu tun daga ƙasa har sama kamar katanga, na ce Yaya hadari ne wancan? Ya ce hazo ne, garin yana cikinsa, ka ɗauko suwaitarka. Wallahi ko minti goma ba a yi ba sai da muka ɗaga gilasai. Abun da ke jawo haka shi ne ruwan tekun wajen mai sanyi ne ƙwarai, igiyar da suke kira Benguela ce take kawo shi daga kudu, in iska mai laima ta bi ta kansa sai ta zama hazo ta kwanto kan garin, ruwan sama kuwa kusan ba a yi, a shekara bai cika kai milimita 20 ba. Hazonsu ba irin namu na hunturu bane mai busar da leɓe, wannan jiƙa mutum yake, za ka shafa hularka ka ji ta yi danshi. Don haka duk mai zuwa ya taho da rigar sanyi ko da wane wata ne, kar sunan hamada ya ruɗe shi.

Hasumiyar ba ta ɓuya, daga kusan duk titin da ka tsaya a tsakiyar gari in ka ɗaga kai za ka ga kanta ya leƙo ta saman itatuwan dabino, mu da ita muka riƙa gane hanyar masauki ma. Da safe muka je, hazo bai gama tashi ba, rabin samanta ya shige ciki sai ka ga kamar ba ta da ƙarshe. Abun da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ba jiki ɗaya bace, ƙasanta ginin dutse ne tsurarsa ba fenti, ruwan ƙasa-ƙasa, kana ganin kowane dutse da layin simintin da ya haɗa shi da ɗan uwansa, sai daga wani wuri kuma ta canza ta koma sumul mai ja da fari. Dalilin shi ne sau biyu aka gina ta, Jamusawa sun fara kunna ta a 1902 tana da tsawon mita 11 kacal, a 1910 suka ƙara mata mita 10 a kai, kuma wurin haɗin yana nan a fili ko yaro zai nuna maka, yarinyar ce ma ta riga ni gani ta ce Baffa kalli, an yi mata ƙari. Ni da na tashi ina ganin hasumiyar Gobarau kullum da ita na auna, wannan ta ɗara ta tsawo amma siririya ce, kuma da yake a kan ɗan tudu take sai ta ƙara yin sama. Har yau aiki take ba ado bace kawai, ana hango haskenta daga sama da kilomita 30 a cikin teku.

Ranar da muka je ƙofar hawa a rufe take, kuma na fahimci hakan tunda wurin aiki ne, amma yarinyar ta ji ba daɗi don tun a mota take lissafin matakala nawa za ta taka. Yaya ya lallashe ta muka taka zuwa wani tsohon gini na 1905 da ake kira Woermannhaus, yana da tasa hasumiyar da ake biyan 'yan canji a hau, kuma gaskiya daga can ne ma za ka samu hoton da ya fi kyau, ga hasumiyar fitilar gaba ɗayanta, ga teku a bayanta, in ka juya kuma ga tuddan yashi sun taso har bakin gidajen ƙarshe. Minti ashirin ya ishe ka a gindin hasumiyar kanta, ka zagaya ka taɓa dutsen ka ɗau hoto, ba wani abu da yawa da za ka yi a wurin in ba ka san labarinta ba, in ka sani kuma sai ka daɗe a tsaye.

Labarin kuwa shi ne tun farko bai kamata a ce akwai tashar jiragen ruwa a nan ba sam. Tashar kirki tana Walvis Bay, kilomita talatin da ɗoriya a kudu, amma Turawan Ingila sun riga sun kafa tutarsu a can tun 1878, da Jamus ta ce ƙasar tata ce a 1884 sai ta tarar ƙofar shiga tana hannun wani. Shi ne a 1892 wani hafsan soja Curt von François ya kafa wannan garin a bakin kogin Swakop, wurin da ba lungu ba mafaka, igiyar ruwa ce kawai take dukan gaɓa dare da rana. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai a sauke mutane da kaya da dabbobi a ƙananan kwale-kwale, kuma masu tuƙa kwale-kwalen nan mutanenmu ne na Afirka ta Yamma, 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya da aka ɗauko saboda sun san kan igiyar ruwa. Daga 1899 zuwa 1903 suka gina wata doguwar katangar dutse cikin teku don ta tare ruwan, ita ce ake ce wa Mole, wato shekarar da aka gama ta ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, amma cikin 'yan shekaru yashi ya cike wurin jirgi ya daina shiga. Sai suka koma gadar katako a 1905, daga baya suka fara ta ƙarfe da niyyar ta kai mita 640, tana mita 262 yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, a 1915 sojojin Afirka ta Kudu suka karɓe garin aka kwashe harkar jirage gaba ɗaya aka mayar Walvis Bay. Yashin da ya kashe tashar shi ne yanzu ya zama bakin ruwan da ake wanka, yara na ta gudu a kai, ni dai ƙafa kawai na tsoma na janye don sanyin har cikin ƙashi.

Tsakanin hasumiyar da gidan tarihin akwai masu sai da kayan sassaƙa da sarƙoƙi a shimfiɗe a ƙasa, a nan wani saurayi ya tare ni da fara'a yana tambayar daga ina, na ce Najeriya, ya ce sunana fa, na faɗa, kafin in ankara ya zaro 'yar wuƙa ya fara rubuta sunan a jikin wani ƙwallo. Na karɓa na juya shi a hannuna na ce Yaya wannan ai ƙwallon goruba ne. Kuma kusan shi ɗin ne, itacen da suke kira makalani ɗan uwan goruba ne na jini, bayan ƙwallon baƙi-baƙi cikinsa fari fat mai tauri kamar hauren giwa, sai su kankare baƙin su fitar da hoton raƙumin dawa ko giwa da farin. Mu da muke gwaguyar goruba mu yi jifa da ƙwallon ban taɓa tunanin za a yi masa wannan aikin ba, hannun yaron yana da kyau ƙwarai, cikin minti biyu ya fitar da harafi shida ba karkata. Inda ban ji daɗi ba shi ne kuɗin da ya yanka min bayan ya riga ya rubuta, yana cewa ai yanzu ba wanda zai saya sai ni tunda sunana ne a jiki, sai da Yaya ya sa baki muka daidaita a ƙasa da rabi. Don haka in an tambaye ka sunanka a wurin ka fara tambayar nawa ne, ka yi ciniki a mutunce, su ma abincinsu suke nema.

Gidan tarihin daga waje ba zai burge ka ba, gini ne mai faɗi ba bene mai tsawo ba, yana kallon teku, a wurin da tsohon sito na kwastan yake kafin jirgin yaƙin Ingila ya harbe shi a 1914. Wani likitan haƙori Bajamushe mai suna Alfons Weber ne ya kafa shi a 1951, ba na gwamnati bane, wata ƙungiyar masana ta garin ce take riƙe da shi, kuma shi ne gidan tarihi mai zaman kansa mafi girma a ƙasar. Kuɗin shiga kaɗan ne, na yara ya fi sauƙi, mu ukun abun da muka biya bai kai kuɗin abincin rana na mutum ɗaya a bakin ruwan ba. Matar da ke kan tebur ta karɓe mu da sakin fuska, bayanan jikin kaya akwai da Turanci akwai da Jamusanci, wurin tsaf ba ƙura, ba mai bin ka a baya yana hanzarta ka. Na shiga da niyyar awa ɗaya sai da muka yi kusan uku.

Farko dabbobi ne da aka busar aka tsayar kamar masu rai, da tsuntsayen bakin ruwa da ƙwarin hamada, a nan na ga mariri ido da ido da ƙahonsa miƙaƙƙu kamar masu, dabbar da nake jin sunanta a bakin tsofaffi ban taɓa gani ba, ita ce ma a jikin tambarin ƙasar. Akwai duwatsu masu ƙyalli kala-kala cike da akwatunan gilashi, waɗannan na wuce su da sauri don ba fannina bane amma yarinyar sai da aka janye ta. Wanda ya tsayar da ni shi ne bayanin wata 'yar itaciya mai ƙaya da suke kira nara, ba ta da ganye ko ɗaya, saiwarta tana nutsawa can ƙasan yashi ta nemo ruwa, 'ya'yanta kamar guna amma masu ƙaya a jiki. Mutanen Topnaar da ke zaune a kwarin kogin Kuiseb da ita suka rayu shekaru aru-aru, su dafa naman cikin su shanya shi ya zama kamar fata a ajiye, 'ya'yan cikin kuma a ci kamar gyaɗa ko a matse mai. Duk wanda ya san abun da guna da agushi suke a wurin mutanen karkararmu zai tsaya a gaban akwatin nan ya gane komai ba sai an fassara masa ba.

Sai kuma ɗakunan da aka kwaso yadda suke aka dasa a ciki, waɗannan su ne suka fi min komai. Akwai tsohon kemis na garin, Adler Apotheke, da kantocinsa na katako baƙi har rufi, kwalabe jere ruwan ƙasa da shuɗi da fararen tuluna na tangaran kowanne da sunan magani a rubuce da hannu, ga ƙaramin sikeli na tagulla da 'yan duwatsun awonsa wasu ba su fi ƙwayar gero ba, ga turmi da taɓarya ɗan mitsitsi na daka magani, ga ƙananan aljihunan tebur sun fi a ƙirga. Na daɗe ina kallon sikelin nan saboda mahaifinmu Allah ya jiƙansa irinsa yake da shi a kasuwa lokacin yana sai da turare, har yadda ake naɗe shi a akwati iri ɗaya ne, na kira Yaya na nuna masa bai ce komai ba ya dai dafa kafaɗata. Kusa da shi ga ɗakin aikin shi likitan haƙorin da kujerarsa da kayan cire haƙori a jere, yarinyar ta kama bakinta da hannu biyu ta ce Baffa mu wuce. Akwai amalanken shanu ƙato na zamanin da ba jirgin ƙasa, irin wanda shanu sama da goma suke ja a cikin rairayi, ƙafarsa ɗaya ta kusa kai min ƙirji. Akwai kuma kayan ɗaki da mutane suka haɗa da gwangwanayen fetur da kananzir a shekarun 1930 lokacin da duniya ta shiga matsin tattalin arziki, ka ga kabad sai ka matsa kusa ka gane gwangwani ne, nan take maƙeran farfaru na kasuwarmu suka faɗo min a rai, masu mayar da gwangwanin madara aci-balbal.

Ɓangaren al'ummomin ƙasar shi ma an yi masa aiki, Ovambo da Herero da Himba da Nama da Damara da San da sauransu kowa da kusurwarsa, ƙore da akushi da turmi da kwari da baka da kayan kiɗa, da akwatunan katako na tatsar nono da in ka ajiye su a rugar Fulani ba wanda zai ce baƙi ne. Can gefe kuma akwai bayanin mahaƙar yuraniyom ta Rössing da muka wuce kusa da ita a hanya wajen Arandis, wadda take aiki tun 1976, an nuna yadda ake fasa dutsen a niƙa a tace har ya zama hoda rawaya, duk wanda yake da ɗan uwa da ya yi aiki a mahaƙar Arlit ta Nijar zai so ya tsaya a nan don aikin ɗaya ne.

To a wajen kayan sojoji ne jikina ya fara sanyi. Ga kakin rundunar raƙuma ta Jamusawa mai kauri, ga bindigogi, ga hotunan jirage suna sauke sojoji da dawakai a daidai bakin ruwan da muka tsaya ɗazu, in ka duba shekarun sai ka ga 1904 tana ta maimaituwa. Yaya ya ce min a hankali ka riƙe wannan shekarar, in mun fita zan nuna maka wani abu. Kuma na lura da wani abu game da gidan gaba ɗaya wanda ba laifin kowa bane a yau, yawancin kayan cikinsa abun da iyalan garin suka adana ne suka kawo, wanda yake da gida da kabad shi ya bar kabad, wanda aka tsare a sansani bayan shingen waya da buhu a jikinsa bai bar komai da za a sa a gilashi ba.

Muna fita, taku kaɗan daga hasumiyar kusa da tsohuwar kotun Jamusawa wadda yanzu ta zama masaukin shugaban ƙasa in ya zo hutu, akwai wani mutum-mutumi na 1908, sojan ruwa a tsaye da bindiga a kan dutse ɗan uwansa a kwance ya ji rauni, an kafa shi ne don tunawa da sojojin Jamus da suka yaƙi Herero. Herero makiyaya ne, shanu ne rayuwarsu har ɗaurin ɗankwalin matansu ƙahon saniya yake kwaikwaya, annobar shanu ta 1897 ta karya su, baƙi kuma suna ta cinye musu ƙasa da sauran dabbobin da sunan bashi, shi ne a watan Janairun 1904 suka tashi a ƙarƙashin Samuel Maharero. Jamus ta turo Janar Lothar von Trotha, a nan Swakopmund ya sauka a watan Yuni, kuma hasken da ya nuna wa jiragensa gaɓa shi ne na hasumiyar nan da na gama ɗaukar hoto a gabanta, tana da shekara biyu lokacin. A watan Agusta aka yi yaƙin Waterberg aka kora Herero cikin hamadar Omaheke maza da mata da yara aka tsare rijiyoyi, a watan Oktoba ya fitar da umarni a rubuce cewa duk Baherere da aka gani a harbe shi. Nama su ma suka tashi a ƙarƙashin Hendrik Witbooi aka bi ta kansu. Waɗanda suka rage aka tara su a sansanoni, ɗaya a nan garin, ɗaya a tsibirin Shark da ke Lüderitz, wasu a wasu wuraren, ana sa su aikin dole na sauke kaya a tasha da shimfiɗa layin dogo, mutanen da suka saba da zafin cikin ƙasa aka ajiye su a wannan sanyin da ni da suwaita biyu nake rawar ɗari. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa zuwa 1908 kusan kashi 80 cikin ɗari na Herero da kusan rabin Nama sun halaka. Sai a watan Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30, kuma da yawa daga shugabannin Herero da Nama sun ƙi yarda da yarjejeniyar saboda ba da su aka zauna ba.

Da la'asar Yaya ya kai mu wuri na ukun. A gefen gari ne wajen busasshen kogin, bayan wata unguwa mai manyan gidaje, akwai maƙabarta mai itatuwa da duwatsun marmara da sunaye da furanni, kana wuce ta sai fili ya buɗe, yashi ne kawai da 'yan tuddai ƙanana a jere a jere har inda idonka ya tsaya, ba suna ba kwanan wata, sai dutsen tunawa da aka kafa daga baya. Mutanen sansanin ne. Abun da ya karya min zuciya shi ne kamar maƙabartarmu take sak, mu ma tudun ƙasa muke yi ba ma rubuta komai, amma namu an san waye a ciki, an yi masa wanka an sallace shi, ɗansa zai iya zuwa ya nuna ya ce nan ne. Wasu tuddan gajeru ne ƙwarai, ba sai an faɗa maka na waye ba. Iska tana share su kullum, shi ya sa jikokinsu da masu sa kai suke zuwa lokaci-lokaci da shebur su sake tayar da su, wani ɗan gwagwarmaya Baherere mai suna Laidlaw Peringanda yana cikin masu jagorantar aikin, shi ne kuma ya buɗe ɗan ƙaramin gidan tarihi na kisan a unguwar Matutura. Yarinyar da take ta surutu tun safe ta yi shiru ta riƙe hannun babanta, can ta ce Abba su waye, ya durƙusa ya faɗa mata daidai yadda za ta gane. Ba a biyan ko sisi a wurin, ba mai gadi ba mai jagora, ka dai kula da inda kake taka ƙafa.

Maganar ci da kwana a gurguje, garin yana da tsada in ka gwada da Windhoek musamman bakin ruwa, a watan Disamba kuma an ce min sai ka kama ɗaki tun da wuri don duk ƙasar nan take kwararowa hutu. Dalar Namibiya da randin Afirka ta Kudu darajarsu ɗaya kuma duka ana karɓa, kati ma yana aiki kusan ko'ina. Musulmi kaɗan ne a ƙasar don haka mu kifi muka riƙe, kuma ba mu yi asara ba, kifin sabo ne ana soya shi da dankali, sai dai ka tambaya da wane mai aka soya kuma ko an sa giya a cikin ƙullun, don wasu suna sawa. Sallah a masauki muka riƙa yi muna haɗawa da ƙasaru. Masaukin namu ne kawai ya ba ni haushi, an ce akwai ruwan zafi muka tashi da asuba babu, a garin da ruwan famfo yake kamar daga firji, mai wurin ya ba da haƙuri amma bai rage ko kwabo ba, don haka ka gwada famfon kafin ka biya. Tsakiyar gari da ƙafa ake yawo, komai kusa yake, daga hasumiya zuwa gadar ƙarfen bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba.

Bayan isha'i na ce zan koma in ga fitilar tana aiki, Yaya ya ce sanyi ya yi yawa shi ya gaji, yarinyar kuma ta maƙale sai ta bi ni, muka naɗe ta da bargon masaukin muka fita. Hazo ya dawo ya rufe komai, titi ba kowa, ƙarar teku kawai kake ji ba ka ganinsa, sai hasken ya fito ta samanmu kamar doguwar sanda fara yana yanka hazon ya wuce ta kan dabinai ya nufi ruwa, walƙiya biyu a jere sai ya ɗan huta sai ya sake. Muka zauna a kan wani benci mai danshi tana ƙirgawa da yatsu tsakanin walƙiya da walƙiya, ta kai goma ta sake daga farko, ta yi haka ya fi sau ashirin. Can ta ce Baffa mutanen da ke cikin yashin can su ma sun ga wannan fitilar? Na ce mata eh, kowane dare suna ganinta. Ta gyara bargonta ta ci gaba da ƙirgawa har sai da na ce ta tashi mu tafi, gobe da sassafe za mu kama hanyar Windhoek.